Tsakuwa a shinkafa, gatse a zane: wa aka nufa?

Tambaya: “Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Kura ne, mahaifina manomin shinkafa ne, da ita aka yi mana komai. Wani aboki ya turo mini zanen barkwanci mai gida uku. A gidan farko wani babban mutum cikin babbar riga yana gaban lasifika yana cewa, ‘Mu ci abin da muka noma!’ A na biyu an kawo masa shinkafa 'yar gida gaban 'yan jarida, ya kai loma, sai aka rubuta ƘARAS! A na uku ga shi a filin jirgi dafe da kunci, zai tafi ƙasar waje ganin likitan haƙori. Abokina ya ce manya ake yi wa gatse. Ni kuwa raina ya ɓaci, don gani nake shinkafarmu aka wulaƙanta. Wa ke da gaskiya a cikinmu? Kuma yaya masu zane ke amfani da gatse a kan maganar cin abincin gida?”

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa wa noman Baba albarka. In na fahimce ka, abin da kake son sani shi ne: idan zane ya sa mutum ya faɗi magana mai kyau, sannan hoto ya ƙaryata shi, kan wa dariyar ke sauka, mai maganar ko abin da yake magana a kai? Na daɗe ina irin wannan zane, ina kuma koya wa matasa. Amsata a taƙaice ita ce abokinka ya karanta nufin mai zanen daidai, kai kuma ka ji wani abu da ke cikin zanen da gaske, wanda wataƙila shi mai zanen bai tsaya ya auna ba. Sai dai kafin mu kai nan, gara ka ga yadda ake ƙulla abin.

Mai zane baki biyu gare shi

Gatse a baki, murya ce ke ɗauke da shi. Yaro ya fasa tangaran, uwa ta dube shi ta ce, “Madalla, ka kyauta, je ka ɗauko ɗayan ma ka haɗa.” Ba wanda zai ji wannan ya zaci yabo ne, don murya da harara sun riga sun warware abin da kalmomi suka ƙulla. To a takarda babu murya, babu harara. Shi ya sa mai rubutun zube in ya yi gatse yakan kwana da fargabar za a ɗauka da gaske yake. Mai zane ya fi shi sa'a. Rubutun da ke cikin da'irar magana yana faɗin abu ɗaya, hoto yana faɗin wani, kuma duk inda suka saɓa, hoton mai karatu yake gaskatawa. Gani ya kori ji. Aikin da murya ke yi wa uwar nan, shi hoto ke yi mana.

Akwai kuma bambanci tsakanin zane mai gida ɗaya da mai gidaje a jere. Mai gida ɗaya shi aka fi sani a jaridunmu, tun daga Akinola Lasekan da ke zana wa West African Pilot a shekarun 1940 yana caccakar mulkin mallaka, har zuwa irin su Mustapha Bulama na Daily Trust da Mike Asukwo na BusinessDay. Wannan mari ɗaya ne: ka duba, ka gane, ka wuce. Mai gida uku ko huɗu kuwa yana da abin da wancan ba shi da shi, wato lokaci. A gidan farko ake ɗaukar alkawari. A na biyu mai karatu yakan saki jiki, ko ya fara zargi. Na ƙarshe shi ke kwance wa mai alkawarin zani a kasuwa.

Tsakanin gida da gida akwai ɗan farin fili da ba a zana komai, kuma rabin aikin a nan yake. Duba wanda aka turo maka. Ba inda aka rubuta cewa haƙori ya karye. Ba inda aka ce mutumin bai yarda da asibitin ƙasarsa ba. Kai ka cike wannan da kanka tsakanin ƘARAS da filin jirgi. Abin da mutum ya gano da kansa kuwa ya fi zama masa a rai a kan wanda aka faɗa masa, sannan mai zanen yana iya ɗaga hannu ya ce shi bai ambaci kowa ba. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Wannan mafaka ba ƙarama ba ce a ƙasar da Dokar soja ta 4 ta 1984 ta kai 'yan jaridar Guardian biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, gidan yari saboda labarin da suka buga. Ba mu kaɗai muka san dabarar ba. A Ajantina, daga 1964 zuwa 1973, mai zane Quino ya riƙa zana wata yarinya Mafalda da ta tsani romon da uwarta ke tilasta mata sha, daga baya ya bayyana cewa romon nan mulkin kama-karya ne da ake ɗura wa mutane.

Me ya sa abinci ya fi komai dacewa da wannan aiki? Saboda yana zanuwa. Ba zan iya zana maka canjin dala ko kuɗin fiton kwastan ba sai na cika hoton da rubutu, amma buhu kowa na karanta shi, har wanda bai taka makarantar boko ba. Buhu mai rubutun Tailan a bayan ƙofar kicin ya gama magana. Bayan haka, jawabi a bainar jama'a ake yinsa, cin abinci kuwa a cikin gida, don haka kwano shi ne shaidar da ba a shirya da ita ba. Thomas Sankara na Burkina Faso ya taɓa ce wa masu tambayar ina mulkin mallaka yake su duba kwanonsu, su ga hatsin da aka shigo da shi. Shi mutane sun shaide shi da yin abin da yake faɗa, shi ya sa da wuya irin zanen nan ya kama shi. Gatse ba ya tsayuwa sai da tazara tsakanin baki da kwano.

Gidan farko da tarihinsa ya zo

Ɗan Najeriya yakan fara murmushi tun a gidan farko, kafin ma a kai ga tsakuwa, domin ya sha jin wannan kiran. A 1976 gwamnatin soja ta Obasanjo ta kawo shirin ciyar da ƙasa na OFN. A 1980 Shagari ya kawo nasa na bunƙasa noma, kuma a zamanin ne jiragen ruwa suka yi ta sauke shinkafar waje, har aka kafa kwamitin shugaban ƙasa kan shinkafa ƙarƙashin Umaru Dikko. Babangida ya hana shigo da alkama a 1987, bayan 'yan shekaru aka janye haramcin. Zamanin Jonathan burodin rogo aka yi ta gutsura gaban kyamara. A Nijar ma shirin 3N na Mahamadou Issoufou, 'yan Nijar su ciyar da 'yan Nijar, kan wannan turbar ya hau.

Na Buhari kuwa kai ganau ne. A 2015 Babban Banki ya hana ba da dala a farashin gwamnati don shigo da kaya iri 41, har da shinkafa. A Nuwamban shekarar aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a Kebbi. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, ba a fara buɗe su ba sai Disamban 2020, inda Illela da Maigatari ke cikin na farko. Adalci shi ne a ce an samu ƙaruwa: noman ya bunƙasa, injinan gyara sun yawaita, mutanen Kura da Argungu shaida ne. Amma buhu mai kilo 50 da ake saye wajen naira dubu 10 a 2015 ya haura dubu 70 a 2024, ko da yake faɗuwar naira da tsadar mai da rashin tsaro suna da babban kaso a ciki. A Oktoban 2023 aka ɗage takunkumin dalar, a Yulin 2024 kuma gwamnati ta sanar da dakatar da harajin shigo da shinkafa da masara da alkama da wake na kwana 150. Ka ga mai zane bai ƙirƙiro saɓanin ba, tsinta ya yi a hanya.

Ranar da aka jera dalar shinkafa a Abuja a Janairun 2022, buhun shanshera wajen miliyan ɗaya, ana tuna wa mutane dalar gyaɗa ta Kano, duk wanda ya iya riƙe alƙalami ya ga aiki ya zo masa har gida: dala ta tokare sama, a gindinta mace da kwano ba komai tana ɗaga kai. A kwanakin ne wani hoto ya yi ta yawo, na dala mai katako a ciki da buhuna a jiki kawai. Masu bin diddigi sun nuna cewa tsohon hoto ne na wani wuri daban, amma ya riga ya tafi, don ya dace da abin da mutane suka riga suka zarga. Ka riƙe wannan, zai yi mana amfani in mun zo kan tsakuwarka.

Waɗanda ake harbi

Mai lasifika shi ne na farko, kuma shi ya fi arha. Kowa na son ganin an kunyata babba, ba sai ka yi wani dogon tunani ba.

Ni na fi sha'awar zanen da ke juyowa kanmu masu saye. Na taɓa zana wata Hajiya a shagon hatsi tana murza shinkafa a tafin hannu, tana cewa ita tun tana yarinya bakinta ba ya karɓar 'yar Hausa. A gida na biyu ta biya kuɗi mai tsoka, an ɗora mata buhu mai rubutun waje a mota, mai shago yana ta yi mata kirari. A na uku sai aka leƙa bayan shagon: yaro zaune da allura da zare yana ɗinke buhunan waje da aka cika daga tarin 'yar gida. Wannan ba ƙage ba ne tsantsa. Sauya buhu abu ne da aka sani, kuma hanya biyu yake bi. Lokacin da iyaka ke rufe, 'yan fasa-ƙwauri sukan juye 'yar waje a buhun gida don su wuce shingen kwastan. A kasuwa kuma akan juye 'yar gida mai kyau a buhun waje don a ƙara mata kuɗi. Irin wannan gatse, wanda mai karatu ya san abin da mutumin cikin zane bai sani ba, shi ya fi yi wa manomi aiki. Hajiya za ta dafa, ta ci, ta yaba, kuma yabonta da kansa shi ne hujjar cewa shinkafar ba ta da laifi, buhun ake biya.

Sai kuma zanen da ke tambayar wai shin me ake nufi da na gida ma. Shiga shagon fura a birni: nonon da ake damawa da shi sau da yawa daga madarar gari aka haɗa, wadda ta sauka a tashar jiragen ruwa, wata ma an cire mata man shanunta an maye shi da man kwakwar manja. Burodi da taliya a nan ake yin su, amma kusan duk alkamar daga waje take zuwa. Indomie da yara ke ɗauka tamu ce, asalinta Indunusiya. Dunƙulen Maggi da ya kori daddawa daga tukwane da yawa, asalinsa Suwizalan. In aka ja da baya sosai, masara da rogo da gyaɗa da tumatir da barkono duk baƙi ne daga nahiyar Amurka, bayan shekarar 1500 suka iso mana. Ita kanta shinkafar da Baba ke nomawa, in irin su Faro 44 ce, jinsin Asiya ce. Tamu ta asali, mai jan bayan nan da aka fara nomawa a fadamun kogin Neja cikin Mali ta yau shekaru dubbai da suka wuce, ta zama 'yar tsiraru a gonaki. Gida ɗaya ya ishi wannan: mutum zaune gaban akushi yana bugun ƙirji shi ba ya cin kayan baƙi, a jikin kowane abu da ke gabansa kuma an kafa 'yar ƙaramar tutar wata ƙasa. Dariya ce mai taushi, ba ta zubar da mutuncin kowa, amma tana rage wa masu tsattsauran ra'ayi zafi.

Wanda ya fi ba ni dariya da takaici lokaci guda shi ne na abincin da sai ya je waje ya dawo muke gaishe shi. Acca, wadda ake nomawa a Filato da kudancin Kaduna da Bauci, yau ana sayar da ita a manyan shagunan Amurka cikin leda mai ado, kuma wani kuku ɗan Senegal, Pierre Thiam, yana cikin waɗanda suka tallata ta a can. Tarayyar Turai ta amince da sayar da garin 'ya'yan kuka a 2008, acca kuma a 2018. Zogale ana dandaƙe shi a ɗura a ƙwayoyi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da dangoginsa. To ga yadda na zana shi. Uwa ta kawo wa ɗanta ɗan boko kwaɗon zogale, ya ture kwanon ya ce abincin ƙauye. A gida na biyu yana wani shago mai sanyi yana biyan dubbai kan kwalbar ƙwayoyi da aka rubuta wa suna da Turanci. A na uku ya kawo wa uwar kwalbar tsaraba yana cewa, “Inna, wannan daga waje yake, yana maganin komai.” A na huɗu babu ko kalma ɗaya. Tana zaune riƙe da kwalbar, a bayanta bishiyar zogalen tsakar gida ce, akuya na miƙa wuya tana cin ganyen. Gidan da ba a magana a cikinsa shi ne mafi ƙarfin makamin da muke da shi, kuma shi matasa suka fi jin tsoro. Sai ka ga yaro ya zana abu ya yi kyau, sannan ya ƙara jimla a ƙasa yana bayanin abin dariyar, ya kashe shi.

A Turai da Amurka abin a juye yake. Can cin abin da aka noma kusa ya zama na masu hali, tun daga ƙungiyar Slow Food da Carlo Petrini ya assasa a Italiya bayan an buɗe gidan abincin Amurka na McDonald's a tsakiyar birnin Rum a 1986, zuwa wasu 'yan San Francisco da suka yi kira a 2005 a gwada cin abin da aka noma cikin mil 100 kawai. Masu zanensu sukan nuna mutum ya tuƙa ƙatuwar mota mai shan mai ya yi doguwar tafiya don sayo latas ɗin da “bai yi tafiya ba”, ga kofin gahawar Habasha a hannunsa. Suna da madogara: wani bincike na jami'ar Carnegie Mellon a 2008 ya gano cewa sufuri kashi 11 cikin 100 ne kawai na hayaƙin ɗumamar yanayi da abincin Ba'amurke ke jawowa, samar da abincin kansa shi ne kashi 83. Can mai kuɗi ke tinƙaho da na gida, nan mai kuɗi ke tinƙaho da na waje. Shi ya sa in matashi ya kwafo salonsu daga intanet ya dasa a nan, yakan sami wanda bai kamata ba. Mai cin tuwon dawa da miyar kuka a nan ba ado yake yi ba.

Mu koma kan zanenka

In ina son sanin wa zane ke hari, nakan duba wa aka bari tsaye a gidan ƙarshe, da kuma fuskar wa aka lalata. A naka, babban mutumin ne a gida ukun duka, shi aka kumbura wa kunci, manomi ma ba ya ciki. Bugun kuma filin jirgi ne: mai cewa a ci na gida ba ya yarda likitan gida ya taɓa masa haƙori. An fake da guzuma an harbi karsana. Ta wannan ma'auni abokinka ya ci gardama.

Amma akwai tambayar da mu masu zane ba mu cika yi wa kanmu ba: me zanen ya ɗauka a matsayin abin da kowa ya sani, wanda ba sai an kafa hujja a kai ba? Kowane barkwanci a kan wani abu yake tsaye wanda ba a tuhuma. A nan, abin shi ne 'yar gida tsakuwa gare ta. Cire wannan, gida na biyu ya rushe, na uku ya bi shi. Mai zanen bai ce shinkafarku ba ta da kyau ba, abin da ya yi ya fi haka tasiri, ya gayyaci mai karatu ya gyaɗa kai ba tare da ya lura ya gyaɗa ba. Kamar hoton dalar katakon nan, abin yana tafiya ne don ya dace da zargin da ke ƙasa. Babban mutumin ba shi da suna, gobe an manta da shi. ƘARAS kuwa za ta raka mai karatu har bakin shagon hatsi. Don haka ɓacin ranka yana da tushe.

Kai ka fi ni sanin inda tsakuwar ke fitowa, ba a zangarniya take tsirowa ba. Bugu a ƙasa ba shimfiɗa, shanya a gefen kwalta bayan gumi, da ƙananan injinan da ba su da na'urar tsince dutse, su ke kawo ta. Matsalar jari ce, kuma iyayenmu mata sun daɗe suna maganinta da ƙwarya da regaya. Abin da ke fitowa daga manyan injina irin na Labana a Birnin Kebbi, WACOT a Argungu ko Umza a Kano an tsince shi da na'ura, shi ya sa ma ake iya sauya masa buhu ba a gane ba. Zanen ya ɗauki laifin wani sashe ya shafa wa kowa.

Da ni aka ba aikin, gida huɗu zan yi. Na farko yana nan yadda yake. A na biyu mata masu gumi sun zo da takarda suna roƙon injin tsince tsakuwa da dandamalin shanya, shi kuma yana duba agogo yana cewa babu kuɗi a kasafin bana. Sai ƘARAS, sai filin jirgi. Tsakuwar ba ta je ko'ina ba, amma yanzu tasa ce, shi ya bar ta a ciki. Gyaran yana da farashi, ba zan ɓoye maka ba. Ya rage wa zanen gudu, mai gida uku ya fi saurin sa dariya, kuma editan da ke da ɗan fili a shafi wancan zai zaɓa. Wani abokin sana'a ma zai ce mini na mayar da barkwanci darasi. Ni dai a ganina in dariya za ta bi ta kan wanda ba ya cikin zanen, ba shi kuma da bakin ramawa, ƙarin gida ɗaya bai yi tsada ba.

Kafin in saki zane nakan rufe rubutun da yatsa in ga me hoton ke faɗa shi kaɗai. Sannan in nuna wa wanda ba ruwansa da jarida, mai shayi ko mai gadi, in ce ya ba ni labarin abin da ya gani. Ba na tambayarsa ko ya ba shi dariya, don kara za ta sa ya ce e. In ya ce, “Ai shinkafar Hausa ce ta karya masa haƙori,” ya tsaya a nan, na san inda kibiyar ta sauka. Nakan kuma ajiye ɗan shaida a kusurwa, yaro ko kuku, yana kallon mai karatu ido cikin ido, don ya nuna masa gefen da zanen yake. Kai ma kana iya gwada wannan da naka: nuna wa mutum biyar a majalisa, kar ka ce komai, ka ji me za su fara ambata.

Inda ƙarfin zane ya tsaya

Gatse ba shi da linzami, in ya bar hannunka ya tafi ke nan. Tun a 1968 wani mai bincike a Amurka, LeRoy Carl, ya nuna wa mutane zanen jaridu ya gwada fassararsu da nufin waɗanda suka zana, ya tarar mafi yawan amsoshin sun saɓa wa nufin. Can ke nan, inda aka yi shekaru ana buɗe jarida kowace safiya. Don haka duk dabarun da na zayyana maka rage kuskure suke yi, ba sa kawar da shi, kuma ba mai zanen da zai rantse maka an fahimce shi.

Zane kuma ba ya yanke hukunci kan ko rufe iyaka daidai ne, ko nawa ya kamata harajin shinkafa ya zama. Wannan lissafin taki ne da dizal da kuɗin ruwa, na masana tattalin arziki da ku masu gona, ba na mai alƙalami ba. Abin da ya fi damuna da sana'ata shi ne yawan zana mai lasifika yana iya koya wa mutane cewa duk mai kiran a ci na gida munafuki ne, har su tsani kiran da kansa, alhali kiran yana iya zama gaskiya ko da bakin da ya fito daga ciki bai cancanta ba.

In aka sake turo maka irin wannan, nemi shekarar da aka zana shi. Zanen da aka yi a 2019, iyaka a rufe, mai saye ba shi da zaɓi, kukan mai saye yake yi. Shi ɗin dai in ya sake yawo a 2025, lokacin da farashin shanshera ya faɗi, na taki bai faɗi ba, manoma suna kokawa da shigowar ta waje, ya zama talla ga mai shigo da kaya ba tare da an sauya masa ko layi ɗaya ba. Masu turawa a WhatsApp kuwa sukan yanke ƙasan hoton, inda sa hannun mai zanen da shekarar suke.